Kunyar Ɗan Fari

Bayan yunwar nan ta shekarun tamanin, wasu nasara masu aikin agaji suka riƙa zuwa ƙauyenmu, can bayan Illela, suna auna yara. Sun gina mana lakwal, wato makarantar boko, sun kuma buɗe gidan ciyar da yara a Ƙonni. Ni suka ɗauka tafinta, don ni kaɗai ce macen da ta taɓa zaman aji a garin. Faransancina bai taka kara ya karya ba, amma mutanenmu gani suke har da gwamna zan iya yin gardama.

Shugabarsu wata likita ce doguwa, rana ta saɓule mata fatar hanci. Mutuniyar kirki ce, har yau ba na zaginta. Takan rataye sikeli a reshen gawo, a sa yaro ciki yana tsala ihu. Wanda ya lalace ƙwarai sai a tafi da shi Ƙonni, amma da sharaɗi: uwarsa ta ce ta yarda da bakinta, ta bi shi ta zauna har ya murmure.

Wani zuwa da suka yi gab da damina, ɗan ƙanwata yana cikin layi. Bai kai yaye ba, zawo ya cinye shi, ƙafafu sun kumbura. Ɗan fari ne, a wurinmu kuwa mace ba ta kula ɗan farinta a gaban mutane. Ba ta faɗin sunansa, in ya yi kuka sai ta kau da kai har wani ya ɗauka. Uwar mijinta ce ta goyo shi, ita ƙanwata tana can baya ta ja mayafi. Mijin ya tafi bida, wato cin rani, a Najeriya.

Likita ta danna ƙafar yaron, yatsa ya bar rami. Ta sa aka kira uwar, ta tambaye ta ko yana kama nono, ko za ta bi shi Ƙonni. Ga surukarta tsaye, ga yayyen miji, ga mai gari bisa kujera. Ƙanwata ta kafa wa ƙasa ido.

"Ban sani ba," ta ce. "A tambayi Inna."

Na juya maganar, na ƙara da bayanin al'adarmu iyakar inda Faransancina ya kai. Tsohuwa ta ce ita za ta tafi, aka ce tsohuwa ba ta da nono. Na matsa na mintsini ƙanwata.

"Ke, hwaɗi kin yarda. Kalma guda ta."

"Yaya, gaban su Inna? Da wane baki?"

Sai surukar ma ta sa baki, mata suka yi wa ƙanwata caa, ana tura ta gaba. Wannan ne ya ɓata komai. Likita ta ga ana tilasta wa yarinya, ta ce ta sha ganin irin haka, uwar takan gudo da yaron ba a gama magani ba. Ga mota ta kusa cika, ga wasu uwaye suna roƙo da hawaye. Ta ba mu garin kunu da maganin zawo, ta ce sai sun dawo. Na bi motar ina magana har ta fita gari.

Ba su dawo ba, don ruwa ya sauka, korama ta yanke hanya. Mun ɗora yaron a amalanke za mu Ƙonni, muka iske ruwan ya fi ƙarfin jaki, muka juyo. Ya rasu kafin koramar ta janye.

Wurin gaisuwa ma ƙanwata ba ta yi kuka ba, don ba a yi wa ɗan fari kuka a fili. Mata suna ta yabon haƙurinta, ni kuwa haushi ya hana ni ko kallonta.

Bayan an watse muka tafi itace mu biyu. Da muka yi nisa da gari ta tsaya, ta waiga ko'ina, sai ta kira sunansa. Ban taɓa jin sunan a bakinta ba. Ta sake kira da ƙarfi, yadda ake kiran yaro ya zo cin tuwo. Sannan ta kama zanena.

"Yaya, na yarda," ta ce. "Ki hwaɗa mata na yarda."