Sikelin Hannuna

Shekara talatin da ɗoriya ina yi wa awakin Dutse Uku allura, ni da na gudu daga makaranta tun a aji biyu saboda malamin lissafi ya fi son rubutu a bayana da a kan allo. Aikin a kasuwar dabbobi na tsince shi, da ido kawai. Ƙa'idata guda ce: in rungumi akuya, in ɗaga ta, in ji nauyinta a ƙuguna, sai in zuƙi magani daidai abin da na ji. Maƙwabciyata, wata Ibo mai shagon kayan masarufi, Oga Dokta take ce min. Ban taɓa gyara mata ba.

A daminar bara awaki huɗu suka mutu bayan na yi musu allurar tsutsar ciki. Akuya ta yi ta dalalar da miyau, jiki na karkarwa, kafin azahar ta mutu. Na ce maganin yanzu ne duk jabu. Ta huɗun, mai tsohon ciki, ta Madam maƙwabciyar tawa ce. Ba ta yi min faɗa ba. Gaisuwa ma ba ta fasa ba, abin da ya fi ci na ke nan.

Autata tana karatun kiwon lafiyar dabbobi, ta zo hutu ana cikin haka. Ta zuba ido ta ga yadda nake aiki, ta fita, sai ga ta da sikelin ratayewa da ta aro wajen mai dankali. Ta ce in ɗaga akuyata in faɗi nauyinta. Na ɗaga, na yi nishi, na ce kilo talatin. Ta saka ta a buhu ta rataya. Sha bakwai.

Na ce ai sikelin 'yan dankali kowa ya san halinsa. Ta ce in ma ƙarya yake yi, ƙarawa zai yi, ba ragewa ba.

"Baba, awakin ba su ƙara nauyi ba. Kai ne ƙarfinka ya ragu."

Ashe tsufana nake ta aunawa ina ɗura wa dabbobin mutane.

Sati biyu ta zaunar da ni a zaure da fensir. Ta ce kowane kilo yana da rabonsa na magani, a ninka rabon da nauyin dabbar. Sannan a duba kwalba a ga ƙarfin maganin da ke cikin kowane mil na awon sirinji, a raba. Abin da ya fito shi ake zuƙa a sirinji. Ta ce 'yan ajin jinya ma haka suke yi wa jarirai. Ninkawar ina ɗan taɓawa da ƙwayoyin masara. Rabawa kuwa, musamman in ɗigon nan ya shigo tsakanin lambobi, sai kaina ya ɗauki zafi. In ce ɗigo ne fa, kamar kashin ƙuda. Ta ce matsar da shi gida ɗaya ninki goma ne.

Na roƙe ta ta rubuta min amsoshin a kwali in liƙa a bango. Ta rubuta, amma ta ce kwalabe ba ƙarfinsu ɗaya ba, ranar da na sayo wata iri kwalin ya tashi aiki. Rubutun jikin kwalbar kuma ko da tabarau ba na ganinsa.

Bayan ta koma makaranta wani tela ya jawo akuyarsa, ta rame, gashi ya tashi. Kwalbar da ya zo da ita ba irin tawa ba ce. Na auna, kilo ashirin da ɗaya. Ya karanta min lambobin, na duƙufa. Sau uku ina yi, amsa uku na samu, ba wadda ta san 'yar'uwarta. Na ce ya kai ta asibitin dabbobi. Ya ce wa zai rufe shago ya ɗauki akuya a keke har can, in dai yi mata yadda na saba.

Sirinjin yana hannuna, na kasa zuƙa. Da aka kira la'asar ya kwance igiyarsa, ya ce bari ya kai ta wajen mahauci tun tana da sauran nama.