Sarkin Ruwan Riyad Zai Koma Gida

Kullum da safe Malam Ghali Kazaure yakan fito daga gidanmu na haya a unguwar Utaiqa, da fulas ɗin shayi a hammata, ya tafi gadin teku. A Riyad fa, garin da ko kududdufi sai an yi sa'a. Aikinsa a wani kamfani ne da ya binne na'urori a ƙasan Bahar Maliya, masu jin motsin ƙasa da nauyin ruwa. Su aiko da saƙo, shi kuma ya zura wa allon kwamfuta ido. In ƙasa ta girgiza a can ƙasan ruwa, shi zai fara sanar da masu gargaɗin mutanen gaɓa kafin igiyar da ake kira sunami ta hau kansu.

Shekara da shekaru yana wannan zama, igiyar ba ta taɓa zuwa ba. Bai iya iyo ba, tekun ma ta tagar jirgin sama kawai ya taɓa ganinta. Muka naɗa shi Sarkin Ruwan Riyad, ya karɓi sarautar ba musu.

Da a ofis ya bar abin, da mun huta. Ina! Sai ya sayo usur. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci, daidai an ajiye kabsa, shinkafar Larabawa da nama, sai ka ji fiiit! Dokarsa ɗaya ce: ka ji usur, bar takalmi, bar cokali, hau saman bene.

“Gargaɗi ba ya ceton kowa,” in ji shi, “sai wanda ƙafarsa ta riga ta san hanya.”

Damuwarsa duka a kan Baba Moussa take, wani tsohon tela mutumin Maraɗi da ke zaune a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, ga ciwon gwiwa. In wani abu ya faru, shi ne ba zai iya fitowa ba. Ghali ya ɗora wa Basiru direba, ƙato mai ƙirar ƙofa, nauyin goya shi. Baba Moussa kuwa bai taɓa hawa bayan nan da daɗin rai ba.

“Kai yaro, sauke ni! Injiniya, wace teku ce za ta baro Jidda, ta keta hamada ba iƙama, ba takardar zama, ta zo ɗakina?”

“Baba, a yi haƙuri, yalla, a hau,” in ji Ghali.

Haka za mu jeru a sama, rana na gasa mu, muna leƙen hamada ko za mu hango kifi. Mu sauko, shinkafa ta huce.

A ƙarshen shekarar 2013 aka yi ruwan nan da ya mai da titunan Riyad rafuka. Ghali yana ofis, allonsa lafiya lau, teku na barcinta. Matarsa Kaltume ce ta leƙa taga da la'asar, ta ga ruwa ya gangaro lungunmu yana tura kwandunan shara, ya nufi matattakalar ƙarƙashin ƙasa. Ta figi usur daga ƙusa ta busa.

Wallahi ba wanda ya tsaya tambaya. Muna gunaguni, “Yau ma Juma'a ce?” amma ƙafafu sun riga sun kama hanya. Basiru ya faɗa ɗakin tsohon, ya tarar da shi yana barcin rana, ya suri abinsa. Baba Moussa ya farka a goye yana zagi. Suna tsakiyar matattakala ruwan ya ɓalle ƙofar ɗakin. Kafin magariba ya kai har silin. Keken ɗinkin da katifar sai bayan kwanaki aka tono su cikin laka.

Ranar na ga dattijo ya yi kuka a saman bene, ni ma na yi. Da Ghali ya iso jiƙe sharkaf, tsohon ya riƙe hannunsa ya daɗe bai saki ba, sannan ya ce, “Injiniya, tekun taka ta zo. Ta sama ta biyo.”

Malam Ghali, kai ne mai tsaron abin da ba ka fatan gani. Kai ne ka sha dariyarmu kamar ruwa, ba ka taɓa ramawa ba. Ko bayan ruwan ba ka ce “ai na faɗa” ba, tsintsiya ka ɗauka ka shiga kwashe laka.

Yanzu ka yi ritaya, takardar barin ƙasar ta ƙarshe ta fito. A walimar bankwana makon jiya, an ajiye tire kenan muka ji fiiit! Muka waiwaya, ashe usur na bakin Baba Moussa.

“Me kuke kallo? Basiru, duƙa!”

Muka bar naman yana turiri muka hau, Sarkin Ruwa a gaba yana share ido.

Mun gode, Malam Ghali. Allah ya kai ka Kazaure lafiya, ya saka maka da alheri. Ku kuma masu karatu, ku duba gidajenku tun ana zaune lafiya: wa ke ɗakin ƙasa, kuma wa zai goya shi?