Shekara Bakwai Bayan Lawali, Malamin Daji

Shekara bakwai ke nan cif da muka kai yayana Lawali makwancinsa a ƙauyenmu, tsakanin Agiye da Gazawa. Na daɗe ina son in yi rubutu a kansa, amma duk sanda na ɗauki alƙalami sai kunya ta hana ni. Bana dai na daure.

Lawali malamin daji ne. Shi gwamnati ta damƙa wa gandun dajin da ke arewa da garinmu, ya yi shekara goma sha tara yana zagaya shi a kan wata tsohuwar goɗiya. Wanda bai ga dajin nan a lokacin ba, zai ce ƙari nake yi. Marke da ƙirya da kalgo sun haɗe kai, har akwai wuraren da rana ba ta taɓa ƙasa. Barewa na ratsa hanya uku-uku. Akwai gada, akwai tuji, ga zabin daji kamar an zuba. Jan biri kuwa har gonakin bakin daji yake fitowa satar gujiya. Lawali ya san tafkin da kowace dabba ke sha, ya san ramin da dila ta haihu. Ba ya hana mata tsintar busasshen itace, ba ya hana Fulani ratsawa da shanu. Ɗanyen itace ne kawai ba ya yafewa.

Sai aka shiga zamanin jam'iyyu. Mun yi murna, ni ma har rawa na taka. 'Yan takara suka riƙa zuwa suna cewa mulki ya dawo hannun talaka, daji ma na talaka ne. Kafin damina ta faɗi, gatari ya fara kuka. Manyan motoci na shiga wayam, su fito maƙare da itace, wasu su nufi Maraɗi, wasu su tsallaka iyaka.

Lawali ya ƙwace gatura masu yawa, ya tara a ɗakinsa. Aka kira shi buro, wato ofishin manyansa, aka ce lokacin zaɓe ne, kada ya ɓata wa jama'a rai, ya mayar wa kowa kayansa. Ya dawo gari. Ya bi gida-gida da kansa yana miƙa wa kowa gatarinsa, wasu na yi masa dariya a bayan ido.

Ga abin da ke ba ni kunya. Ni ma na shiga na share gona. Ina malamin lakol, wato makarantar boko, ina da iyali, na ga kowa na samu, na ce don me ni kaɗai zan zauna. Wata safiya ina cikin saran wata ƙatuwar ƙirya sai na ji takun goɗiyarsa. Ya tsaya ya daɗe yana kallona.

"Har da kai, Sabi'u?"

Na ce, "Yaya, in ban sara ba wani zai sara."

Ya ce, "Gaskiya ne. Amma da na so a ce wanin ne."

Ya juya ya tafi. Bai sake ta da maganar ba har ya bar duniya.

Da rani wasu suka cinna wuta don su share fili, iska ta kwashe ta zuwa tsakiyar daji. Lawali da Fulani biyu suka yini suna dukanta da rassan sabara. Daga garinmu ba wanda ya je, har da ni. Hayaƙi ya shige masa ƙirji, tari ya kama shi. Muka kai shi gidan likita, ya yi sati uku, Allah ya karɓi abinsa.

Yau da zai tashi, ban jin zai gane hanyar wurin aikinsa. Fili ne fetal, kana hango rumbunan ƙauyen gaba. Gonar da na share ta yi mini albarka damina uku, daga nan rairayi ya cinye ta. Matarsa Hajara da karan gero da kashin shanu take girki. Ƙaramar 'yarsa ta ga hoton barewa a littafin lakol, ta tambaye ni ko dabbar ƙasar Turawa ce. Ga shi kuma an sake kaɗa gangar zaɓe, na ji wani ɗan takara na alkawarin raba ɗan abin da ya saura a bakin tafki.

Ina ta neman abin da ya rage na Lawali, ban samu ba sai sunansa, shi ma ya zama abin zolaya. A garinmu duk wanda ya hana wani sara, sai a ce masa Lawali. Makon jiya na tarar da maƙwabcina ya ɗaga gatari kan gawon da ke iyakar gonakinmu. Na ce ya yi haƙuri ya bar shi. Ya yi dariya ya ce, "To, Lawali ya dawo!"

Na so in amsa sunan. Ban iya ba. Na matsa gefe, ya sare shi.

Allah ya jiƙan Yaya, ya sa ya huta. Mu kuma ya yafe mana.