Yaye na Biyu

Mma, mahaifiyata, doya take sayarwa a kasuwar Salaga, a gindin wani mangwaro da ta gada daga uwarta. Wurin ba shi da takarda. Wanda ya shimfiɗa buhunsa kullum shi ke da shi, in ya ɗauke ƙafa wani ya shimfiɗa nasa.

Shekarar da ƙafafunta suka fara kumburi ta zaunar da ni, don ni kaɗai ta haifa. Ta ce in karɓi wurin, za ta haɗa ni da manoman Kpandai da take saya a hannunsu, kafin sabuwar doya ta fito na tsaya da ƙafata. Ni kuwa hankalina yana Yendi, garin babura, inda wani makanike ya yarda ya koya mini gyara. Na ce mata doya ruɓewa take yi, abin da hannu ya iya kuwa yana nan. A lokacin ina ji da bakina.

Ta ce, "To sai yaushe za ka gama?"

Na ce, "Sai masta ya yaye ni."

Ta dubi ɗan gemuna ta yi dariya. "Yaye kuma, da wannan? Lokacin da na yaye ka, kuka ka ɗan yi, aka ba ka koko ka manta. Ni aka bari da nono a kumbure." Ta murza ƙafarta. Can ta ce, "Je ka, Allah ya sa albarka."

Na tafi. Na wanke ƙarafa da fetur har hannuna ya tsage kafin a bar ni in taɓa inji. Duk sallar da na je gida sai in tarar da ita a gindin mangwaron, da sanda a gefenta. Da na yi mata faɗa, cewa ta yi tana riƙe mini wurin ne, ko da babur bai karɓe ni ba. Haka ta yi ta jan jiki zuwa kasuwa har ranar da ta kasa tashi. Bayan rasuwarta wata mai tumatir ta shimfiɗa buhunta a wurin, ban ga laifinta ba.

Ranar yayena, abin da ake kira firidom a can, abokan aiki suka zuba mini hoda a kai, masta ya ba ni sifana. A al'ada sai iyaye sun karɓi hannun ɗansu daga hannun masta. Masta ya dubi taro, da Hausarsa ta Badagombe ya ce, "Uwan shi ina? Ya zo ya karɓi yaron shi." Ya san ta rasu, bakinsa ne ya riga shi.

Kawuna, ƙanenta, da ya taso tun daga Bawku, shi ya miƙe ya kama hannuna.

Aka yi ta yi mini barka, an yaye ni. Ina amsawa, hoda tana shiga mini ido. Wannan karon ni aka bari da ciwon, kuma har yau ban sha kokon da ya sa na manta ba.