Ramin da Aka Bari a Ƙofar Gidan Kawuna

Shekarun baya, ina ƙaramin ma'aikacin gwamnati a Bauchi, aka mayar da ni wani sabon sashe, wai na haɗin gwiwar gwamnati da kamfanoni. Ni da na karanta tarihi, ko kwangilar fentin aji ban taɓa gani ba. Ranar farko shugabarmu ta tambaye ni abin da na fahimta game da aikin. Na ce, "Hajiya, ai kamar ka ba mutum akuya kiwo ne, in ta haihu ku raba." Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Ba ka ɓata da nisa ba. Zauna."

Aka yi ta tura mu bita. Da farko barci nake yi a kujerar baya, ina jiran shayi. Amma matar nan ba ta da wasa, duk wanda ya dawo sai ya tsaya a gabanta ya koyar da abin da ya koyo. A hankali muka iya aikin, har muka san inda kamfani ke laɓewa a cikin yarjejeniya.

Sai aikinmu na farko ya zo, kuma a unguwarmu ya faɗo, can wajen Ƙofar Ran. Wani kamfani zai gina babbar magudanar ruwa, gwamnati kuma ta ba shi fili a bakin titi ya gina shaguna yana karɓar haya. Muka sa sharaɗi guda: ba zai buɗe shago ko ɗaya ba sai ya gama magudanar.

Aikin zai ci gaban wasu gidaje, har da rabin zauren kawuna, yayan mahaifiyata. Mutane suka ƙi. Da yake ni ɗan unguwa ne, ni aka tura. Kawu ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Kai ɗan nan, in sun haƙa suka gudu fa?"

Na ce, "Ba za su iya ba, Kawu. Abincinsu na cikin shagunan, mabuɗin kuma yana hannunmu."

"Ka gani da idonka?"

"Da ni aka rubuta."

Ya ce to, ya yarda. Da ya yarda, sauran maƙwabta suka bi.

Kafin a sa hannu aka yi sauyin ma'aikata, irin wanda ake yi ba tare da an tambayi kowa ba. Shugabarmu aka kai ta wata ma'aikata, ni aka tura ni sashen fansho, sauran ma aka watsa su. Ban ga alamar makirci ba. Wanda ya yi sauyin bai ma san abin da muke yi ba. Cikin waɗanda aka kawo har da wani abokina, mutumin kirki, amma ko bita ɗaya bai taɓa zuwa ba. Daga baya ya gaya mini yadda aka yi. "Mutanen kamfanin sun zo da lauyoyinsu, suka ce banki ba zai ba su rance da wannan sharaɗin ba. Mu kuwa ba wanda ya san amsar da zai ba su. Sabon oga ya ce a cire sharaɗin, ranar ƙaddamarwa ta matso."

Shaguna suka tashi, aka yi musu fenti, aka cika su da 'yan haya. Magudana kuwa aka haƙo ta har ƙofar gidan Kawu, aka kwashe motoci, ba a dawo ba. Na yi ta zarya ofishin da na baro, ana ce mini yallaɓai, ana ba ni kujera, ana ce mini ana dubawa.

Damina ta sauka. Ruwan unguwa duka ya riƙa taruwa a ramin yana cin gindin katanga. Wata rana bayan la'asar bangon ɗakin matar Kawu ya rufta, tana ciki. Ita ce ta yaye ni. An ciro ta da rai, amma ƙugunta ya karye, ba ta ƙara takawa ba. Ba ta ga wata daminar ba.

A wajen zaman makoki ba wanda ya ce mini komai. Sai da muka koma gida mahaifiyata ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Daga yau kada ka ƙara kawo wa mutanen unguwar nan maganar gwamnati."

An ƙarasa magudanar bayan wasu shekaru, da kuɗin gwamnati. Yanzu in na ji ana shelar za a horar da ma'aikata kan irin wannan aiki, ba na murna kuma ba na raina abin. Horon yana aiki, na gani a kaina. Sai dai ilimin a kan mutum yake zama, ba a jikin ofis ba, ranar da aka ɗauke mutumin kuwa, kamfani zai tarar kujera ce kawai a gabansa. Wanda zai ɗanɗana kuɗarsa kuma ba ya cikin ɗakin da aka sa hannu.

Kawu ya rayu shekaru bayan haka. Duk Juma'a ina zuwa gaishe shi a ragowar zauren, ya tambayi iyali, ya tambayi aiki, ya sa mini albarka. Har ya koma ga Allah ina jiran ranar da zai tayar da maganar, bai tayar ba.