Gayyar da Ba a Zo Ba

Makon jiya, a cikin motar da ta ɗauko ni daga Zakirai, direba ya kunna rediyo aka saki kiɗan gangar noma. Na kasa ci gaba da hirar da nake yi da matar da ke gefena. Zuciyata ta koma wata damina ta zamanin mulkin soja, lokacin da nake 'yar aji huɗu.

Baffana, ƙanen babanmu, malamin firamare ne a ƙauyenmu, kuma mutum ne mai faɗin abin da ke ransa. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ya ce a gaban jama'a takin zamanin da aka ce an aiko wa manoma bai iso ba, kuma mai bindiga ba ya zama uban ƙasa don kawai yana riƙe da bindiga. Kwana uku bayan haka, da hantsi, wata mota marar lamba ta tsaya a ƙofar makaranta. Muna leƙe ta taga aka fito da shi, allin da yake rubutu da shi na hannunsa.

Ka sani, mai karatu, sau ɗaya tak motar nan ta zo garinmu. Sauran aikin mu muka yi mata da kanmu. Ba wanda ya san wanda ya kai maganar, saboda haka kowa ya zama abin zargi. Majalisar gindin tsamiya ta watse. Matan da suka saba shigowa aron turmi suka koma zagaye gidanmu. Ko mu yara, idan muka ji ƙarar mota, sai mu daina wasa.

Ruwa ya sauka, geron Baffa ya fito, ciyawa ta taso masa. Kakarmu ta ce a kira gayya kamar kowace shekara. Ta dama fura ƙwarya uku, ta sa aka gaya wa makaɗi. Ranar gayya na ɗauki tulu na bi ta gona. Muka zauna a ƙarƙashin gawo, ƙasa na ƙamshin ruwan jiya, muna duban hanya har rana ta take. Makaɗi bai zo ba. Babanmu ma bai zo ba. Tun da safe na ji shi a zaure yana ce wa kakarmu, "Inna, ina da 'ya'ya bakwai. In aka ɗauke ni, wa zai riƙe su?"

Ba ta yi masa faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Na sani, je ka."

A gonar, da ta gaji da jira, sai ta ɗaura zane, ta ɗauki fartanya ta sunkuya. Can wajen azahar wanzamin garinmu, tsoho mai ciwon gwiwa, ya iso yana waige-waige. Ya kama kunyar da ke kusa da tata. Su biyu suka yi abin da suka iya. Furar kuwa tsami ta yi, muka ba awaki.

Washegari muka tarar an nome kunya goma sha wani abu. Haka jibi, haka gata. Sai daga baya na lura da ƙafafun babanmu jiƙe da raɓa kullum idan ya dawo daga sallar asuba.

Bayan an yanke gero aka sako Baffa. Ya rame, kunnensa na hagu ya daina ji. Bai taɓa tambayar wanda ya kai shi ba. Da babanmu ya durƙusa zai ba shi haƙuri, sai ya riƙe hannunsa ya ce, "Yaya, da kai aka ɗauka, ban san ko ni zan zo ba."

Yanzu tsamiyar nan cike take da samari, kowa na zagin gwamnati da ƙarfi, wasu har su ɗora a waya. Babanmu ya tsufa, amma har yau in zai ambaci hukuma sai ya rage murya ya dubi ƙofa. Na daɗe ina yi masa dariya. Kwanakin baya 'yata ta nuna mini wani rubutu da ta yi kan tsadar taki, gaskiya ce zalla a ciki. Kafin in gama karantawa na ji bakina yana cewa ta goge.

Ta ce, "Mama, tsoron wa kike ji?"

Na rasa sunan da zan kira mata.