Alkaki Uku a Shingen Yerimaram

Jiya da hantsi, a shingen binciken hanyar Yerimaram, soja ya tsayar da keken da muke ciki, ni da maiɗakina Hajiya Talatu, ya ce kowa ya fito da abin da ke aljihunsa.

Tun da likita ya tabbatar mini da ciwon suga, Hajiya ta raba ni da tuwon shinkafa, ta ɗora ni kan tuwon alkama da miyar zogale. Na kuma yi mata alkawarin barin zaƙi.

Sai ga alkaki uku daga aljihun babbar rigata.

Sojan, wani matashi ɗan kudu, ya ce, "Baba, wannan mene ne?"

Na amsa cikin natsuwa, "Alkama ce, kuma likita ya amince da alkama."

Hajiya ta ce, "Alkamar da ta kwana cikin zuma. Ɗana, bar binciken keken, ga mai laifi ka kama."

Sojan ya sara mata, ya damƙa mata alkakin, ya ce mu wuce.

Na tsufa ban taɓa shiga hannun hukuma ba sai a kan alkaki. Masu irin larurata, ina kuke ɓoye naku?